D'Tigers Ta Doke Amurka, Amma a Gonar Wa Aka Yi Shukar?

Laccar da aka gabatar a garin Yako, a gaban iyaye, malaman wasanni da ɗaliban sakandare na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa

 



Da aka aiko mini cewa zancen ƙwallon kwando ake so in yi a Yako, wani aminina dariya ya yi har da riƙe ciki. Ya ce, "Malam, mutanen da in ka tashe su daga barci za su lissafa maka 'yan wasan Barcelona da Arsenal har da na benci, su za ka je wa da maganar kwando? Ai kwandon da suka sani shi ne na tumatir." Na ce masa bai yi ƙarya ba, kuma cikin raha ya taɓo tarihi bai sani ba. A watan Disamba na 1891, a garin Springfield na Amurka, wani malamin wasanni ɗan Kanada mai suna James Naismith ya rasa abin da zai ba ɗalibansa su motsa jiki, domin hunturu ya hana fita waje. Sai ya samo kwandunan zuba 'ya'yan itace guda biyu, ya kafa su a sama, ɗaya a wannan gefen ɗaki ɗaya a wancan, ya ce a riƙa jefa ƙwallo ciki. Kwandon da gindinsa yake, duk sanda aka ci sai an hau an ciro. Don haka Bahaushen da ya raɗa wa wasan nan suna bai yi kuskure ba, asalinsa kwando ne irin na kasuwa, kuma malamin makaranta ne ya ƙirƙiro shi, ba attajiri ba.

Zan fara da labarin dare biyu.

Daren farko shi ne na 2 ga Agusta, 2012. Muna cikin azumi, an sauko daga asham, mu 'yan tsiraru muka roƙi mai gidan kallo ya juya mana tasha. Gasar Olamfik ake yi a Landan, kuma karon farko ke nan a tarihi da tawagar maza ta ƙwallon kwando ta Najeriya, wadda ake kira D'Tigers, ta taka wannan dandali. Amurka muka haɗu da ita, da su Kobe Bryant da LeBron James da Kevin Durant. Kafin a tafi hutun rabin lokaci sun zuba maki 78, mu muna da 45. Wani ɗan wasansu, Carmelo Anthony, minti goma sha huɗu da 'yan daƙiƙu kawai ya yi a fili, ya ci maki 37. Jifan nesa mai maki uku kuwa sau 29 suka saka shi. Aka tashi 156 da 73. Ratar maki 83. Har yau ba a taɓa samun ƙasar da ta ci maki 156 a wasa ɗaya a Olamfik ba in ba a daren nan ba, kuma a kanmu aka kafa tarihin. Mai gidan kallo ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ne abin da ka sa na ƙona man janareta a kansa?" Ban ce masa komai ba, na biya na fita.

Abin da mai gidan kallon bai sani ba, kuma ban iya yi masa bayani a daren ba, shi ne yadda aka yi yaran nan suka isa Landan. Wata guda kafin nan, a birnin Karakas na Benezuwela, an tara ƙasashe goma sha biyu ana neman gurbi uku kacal. Babu wanda ya sa Najeriya a lissafi. Ƙarƙashin koci Ayo Bakare suka doke Lituweniya, ƙasar da ƙwallon kwando ya zame wa kamar yadda dambe yake a wurin mahauta. Suka fitar da Girka da maki ɗaya tak, 80 da 79. Rasha ta tare su, sannan a wasan neman gurbin ƙarshe suka casa Jamhuriyar Dominika 88 da 73. A Landan ɗin ma ba hannu rabbana suka dawo ba, sun ci Tunisiya 60 da 56. Amma duniya ba ta riƙe wannan ba, 83 ɗin nan ta riƙe.

Bayan shekara uku aka share hawaye. A ƙarshen Agustan 2015, a Tunisiya, D'Tigers ta ɗauki kofin Afirka, wanda ake kira AfroBasket, karon farko tun da aka fara gasar a 1962. Sau uku kafin nan muna zuwa wasan ƙarshe muna dawowa da azurfa, a 1997 da 1999 da 2003. Wannan karon Angola muka kayar, 74 da 65, kuma duk wanda ya san wasan ya san kayar da Angola a Afirka kamar kayar da sarkin kokawa ne a gaban makaɗinsa. Koci Ba'amurke ne, Will Voigt, kyaftin Olumide Oyedeji, gwarzon gasar kuma Chamberlain Oguchi. Kofin ya kai mu Olamfik ta Riyo a 2016, inda muka ci Kuroshiya 90 da 76 muka sha kashi a sauran. A 2019 aka je gasar cin kofin duniya a Sin, muka lallasa Koriya ta Kudu 108 da 66, muka ci masu masaukin baƙi a gidansu, muka fi kowace ƙasar Afirka matsayi, wannan ya ba mu tikitin Olamfik ta Tokiyo.

Sai dare na biyu. Ranar 10 ga Yuli, 2021, a birnin Las Begas, ana saura kwana goma Babbar Sallah. A nan ƙarfe ɗayan dare ta yi, damina ta kankama, mafi yawanku kuna barcin gajiyar noma. Wasan share fage ne kafin Tokiyo, Najeriya da Amurka, kuma Kevin Durant ɗin nan na 2012 yana cikin fili, ga Damian Lillard, ga Jayson Tatum. Kocinmu Mike Brown, wanda a lokacin mataimakin koci ne a ƙungiyar Golden State Warriors. Da makamin da suka kashe mu a Landan, da shi muka rama: jifan nesa ashirin yaranmu suka saka. Gabe Vincent, wanda sunansa na gida Nnamdi, ya ci maki 21. Caleb Agada ya ci 17. Akwai lokacin da Durant ya taso zai dankara ƙwallo a kwando, wani yaro haifaffen Fatakwal mai suna Precious Achiuwa ya tashi sama ya tare shi da tafin hannu, ya mayar masa da kayansa. Aka tashi 90 da 87. Babu ƙasar Afirka da ta taɓa cin tawagar maza ta Amurka kafin wannan dare. Bayan kwana biyu suka ƙara da Ajantina, suka ci ta 94 da 71.

Daga ratar 83 a kanmu zuwa ratar 3 a hannunmu, cikin shekara tara. Na yi murna, ba zan ɓoye muku ba, har maƙwabcina ya leƙo ta katanga yana tambaya ko haihuwa aka yi.

To, yanzu ku ba ni aron hankalinku, domin ba don in ba ku labarin ci na baro gida ba. Ku manoma ne, 'ya'yan manoma. In mutum ya zo kasuwar Kwanar Dangora da buhun masara mai ƙwaya kamar haƙorin doki, abin da za ku fara tambaya shi ne, a ina aka noma ta? To, a ina aka noma D'Tigers ɗin da ta doke Amurka?

'Yan wasa goma sha biyu muka kai Tokiyo. Takwas daga cikinsu a gasar NBA ta Amurka suke wasa a lokacin, sauran huɗun ma a ƙasashen waje suke neman abincinsu. Babu ko ɗaya da aka ɗauko daga wata ƙungiya ta cikin gida, ba daga Legas ba, ba daga Fatakwal ba, balle Kano. Gabe Vincent a Kalifoniya aka haife shi. Jordan Nwora a Buffalo ta jihar New York. Josh Okogie a Legas aka haife shi, amma yana ɗan shekara uku aka tafi da shi. Caleb Agada a Kanada ya tashi. Achiuwa, wanda ya fi su daɗewa a gida, shi ma a makarantun Amurka ya gama gogewa. Makarantun ƙetare ne suka ba su fili, jami'o'in ƙetare suka ba su koci da likita da abinci. Iri namu ne, wannan babu musu. Amma sharar gona, da huɗa, da taki, da noman farko da maimai, duk wani ne ya yi. Mu dai mun zo ranar girbi da buhu.

Kada wani ya fita daga zauren nan ya ce Malam ya zagi yaran. Allah ya kiyaye. Yaran nan suna da zaɓi, suka zaɓi ƙasar iyayensu, wasu ma da ƙyar suka san hanyar garinsu. A daren Las Begas ɗin nan, a cikin tawagar Amurka akwai Bam Adebayo, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, yana sanye da rigar Amurka. Giannis Antetokounmpo, wanda sau biyu ana zaɓensa gwarzon NBA, iyayensa daga Najeriya suka yi ƙaura, Girka yake yi wa wasa. Saboda haka wanda ya ce shi kore da fari zai saka, ya cancanci a gode masa. Laifin ba nasu ba ne. Abin da nake cewa shi ne kayan aro ba ya rufe katara, kuma ba mu daɗe ba muka ga haka da idonmu.

A Tokiyo wasa uku muka yi, uku muka faɗi: Ostareliya 84 da 67, Jamus 99 da 92 duk da maki 33 da Jordan Nwora ya ci shi kaɗai, Italiya 80 da 71. Amurkan da muka doke kuwa ita ta tafi da zinare. Wannan bai dame ni sosai ba, domin wasannin sun yi zafi, kuma yaran ba su daɗe da sanin juna ba. Abin da ya dame ni shi ne abin da ya biyo baya. A ƙarshen watan Agusta na shekarar, aka je gasar Afirka a Kigali ta Ruwanda. 'Yan NBA sun koma wurin iyayen gidansu masu biyansu albashi, aka harhaɗa wata tawaga aka tafi. Yuganda ce ta koro mu, ko zagayen ƙungiyoyi takwas ba mu kai ba. A Yuli mun ci Amurka, kafin a yanke gero Yuganda ta ci mu. Wanda rumbunsa ke gidan maƙwabci, ranar da maƙwabcin ya yi tafiya da makulli da yunwa zai kwana.

Me ya hana mu namu rumbun? A nan dole in taɓo abin da ba shi da daɗi, kuma wani ɓangarensa a Kano ya faru. A watan Yuni na 2017 aka yi zaɓen shugabannin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF, har sau biyu cikin kwana biyu. Aka yi ɗaya a Kano, Tijjani Umar ya fito. Washegari aka yi wani a Abuja, Musa Kida ya fito. Hukuma ɗaya, shugaba biyu, kowa da takardunsa da lauyoyinsa. Ba alƙalanci na zo yi ba, ban kuma ce wane ne mai gaskiya ba. Abin da na sani shi ne gasar cikin gida ce ta kwana a ciki: wata shekarar a yi ta a gurguje cikin 'yan kwanaki, wata shekarar shiru. Yaron da wasan nan ne sana'arsa, in babu gasa, ko ya tsallaka ƙetare ko ya kama acaɓa. A Janairun 2022 aka sake maimaita abin, zaɓe a birnin Benin, zaɓe a Abuja, rana ɗaya. Sai a watan Mayu gwamnatin tarayya ta ce ta janye Najeriya daga duk wata gasar ƙwallon kwando ta duniya har shekara biyu. An janye maganar bayan 'yan makonni, amma aikin gama ya gama: tawagar mata, D'Tigress, wadda ta sha wuya ta samu gurbi a gasar duniya ta Sidini, an riga an ba Mali kujerarta. Mazan kuma ba su samu zuwa gasar duniya ta 2023 ba, ba su je Olamfik ta Faris a 2024 ba. Sudan ta Kudu, ƙasar da aka haifa a 2011, ita ta wakilci Afirka a Faris, kuma saura ƙiris ta kayar da Amurka a wasan share fage a Landan, aka tashi 101 da 100.

In kuna son ganin kishiyar halinmu, ku dubi Angola. Yawansu bai kama ƙafar namu ba, 'ya'yansu a NBA ba su taka kara sun karya ba. Amma sau goma sha ɗaya suka ɗauki kofin Afirka tsakanin 1989 da 2013, suka ƙara na goma sha biyu a gidansu a 2025, a gasar da Senegal ta fitar da mu a zagayen ƙungiyoyi takwas. Mu kofinmu ɗaya ne tal. Sirrinsu ba ɓoyayye ba ne: ƙungiyoyin gida irin su Petro de Luanda da Primeiro de Agosto, masu biyan albashi, masu renon yara tun suna ƙanana, masu gasa kowace shekara. In an kira tawagar ƙasa, mutanen da suka shekara suna wasa tare ne ke haɗuwa, kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya tun bai waiwaya ba. Ga wani abin da zan so ɗalibai su riƙe: gwarzon gasar 2025, Childe Dundão na Angola, tsayinsa mita 1.67 ne. Rabin samarin da ke zauren nan sun fi shi tsawo. Don haka wanda ke shirin cewa shi gajere ne, ya nemi wani uzurin.

Wani zai ce, to Malam, wannan ai wasan mutanen Kudu ne da 'ya'yan masu kuɗi, ina ruwan Arewa? Bari in kai ku nan kusa. In ka hau mota a Kwanar Dangora ka nufi kudu, kafin rana ta yi zafi kana Zariya. A Zariyar nan Masai Ujiri ya tashi, a nan ya fara riƙe ƙwallon kwando yana ɗan makaranta, a hannun wani koci Ba'amurke da ya zauna a garin, Oliver Johnson, wanda ake kira Koci OBJ. Yaron nan na Zariya shi ne shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ɗauki kofin NBA a 2019. Koci ɗaya da fili ɗaya a Zariya, ku dubi inda abin ya kai.

Ku ƙara da Hakeem Olajuwon, wanda har yau Afirka ba ta fitar da kamarsa ba. Ɗan Legas ne, amma a Sakkwato ƙofarsa ta buɗe. Ya je wata gasar wasanni ta makarantun horon malamai a matsayin ɗan ƙwallon hannu, yana ɗan shekara goma sha biyar, sai wani abokin karatunsa ya roƙi koci a saka shi a tawagar kwando. A 1984 shi aka fara zaɓa cikin sababbin 'yan wasan NBA, gaban Michael Jordan. Ya ɗauki kofi da Houston Rockets a 1994 da 1995. Ina ambatonsa musamman saboda iyayenmu malamai da ke zaune a gaba, Allah ya gafarta muku: mutumin nan da azumi a bakinsa yake shiga fili, kuma a watan Fabrairun 1995, wanda ya dace da Ramadan, shi aka zaɓa gwarzon wata a NBA. Wasan bai raba shi da sallah ba. Amma ku lura, lambar zinaren da ya samu a Olamfik ta 1996, Amurka ya ciyo wa. Wanda ya yi noma shi ya kwashi amfani.

A birnin Kano kuma, da yawanku in an ce Pillars, ƙwallon ƙafa kawai kuke tunawa. Akwai Kano Pillars ta kwando, mai wasa a rufaffen ɗakin filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata. Ƙarƙashin koci Sani Ahmed ta zama dodon gasar Najeriya, ta ɗauki kofi a 2013 da 2014, ta sake ɗauka a 2016 da 2017, ta kuma zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka a Alƙahira a 2016. Ashe ƙasarmu tana karɓar irin. Sai dai gonar ta tsaya a cikin birni. Daga gadar Tamburawa ka yi kudu, ka bi ta Bebeji, ka ratsa Tudun Wada, ka shige dajin Falgore har Riruwai, ka gaya mini filin kwando nawa ka gani da yara a kai.

Ni na taɓa koyarwa a wata makaranta a yankin nan, ba zan faɗi sunanta ba. Na tarar da turaku biyu na ƙarfe a bayan ajujuwa, tun na zamanin da ake gina makaranta da filin wasa. Allon ya ruɓe, zoben ya ɓace, mai gadi yana ɗaure akuyarsa a jikin ɗaya. A makarantar akwai wani yaro, tun yana aji uku sai ya sunkuya yake shiga ƙofar aji. 'Yan'uwansa suna kiransa Falwaya, har ya koyi tafiya a duƙe don kunya. Na kai shi gindin turken nan, na ɗaura tsohon gammon taya da waya, na miƙa masa ƙwallon ƙafa domin ita muke da ita. Cikin sati biyu yaron nan yana jefawa daga inda ni ba na iyawa. Na rubuta takarda ina neman ƙwallo biyu da buhunan siminti kaɗan. Na rubuta ta biyu. Har aka yi mini canjin wurin aiki ban ji amsa ba. Bayan shekaru na gan shi a tasha yana lodin buhuna, shi kaɗai ke ɗora buhu a kan mota ba tare da ya taka taya ba. Ya gaishe ni da fara'a, sana'arsa halal ce, yana riƙe da iyalinsa, ban raina masa ba. Ban kuma ce da an ba ni simintin da ya zama Olajuwon ba, Allah kaɗai ya san wannan. Abin da ke ci mini rai shi ne ba a taɓa gwadawa ba.

Kuma kayan aikin yana jikin yaranmu tun fil azal. Ku tsaya ku kalli masu lodin kankana, yadda ɗaya ke cilla wa ɗaya daga ƙasa zuwa saman mota, ba a kallon hannu, ba a fasa ko ɗaya. Ku kalli yaron magini yana jefa tubali sama, magini na cafewa a kan katanga. Ku kalli 'yan langa, yadda mutum ke tsalle da ƙafa ɗaya yana kauce wa hankaɗa bai faɗi ba. Miƙa ƙwallo, da cafewa, da tsayuwa da ƙafa, su ne rabin wasan kwando, kuma abin da koci a Turai ke shan wata da watanni yana koyarwa ke nan.

Yanzu ga lissafi, tunda na san shugabannin ƙananan hukumomi da wakilansu da lissafi ake shawo kansu. Cikakken filin kwando tsawonsa mita 28 ne, faɗinsa 15, wato murabba'in mita 420. Filin ƙwallon ƙafa ɗaya irin na gasa zai haɗiye irinsa goma sha bakwai. In wannan ma ya yi yawa, akwai wasan 'yan uku-uku, wanda ake yi da kwando ɗaya a rabin fili, mita 15 da mita 11, kuma shi ma tun daga Tokiyo ya shiga Olamfik. Zoben ƙarfe ne mai faɗin santimita 45, a kafa shi a tsayin mita 3.05. Allon bayansa mita 1.80 ne da mita 1.05. Babu mai walda a Yako ko Kafin Maiyaki da zai kasa ƙera wannan cikin yini guda, babu kafintan da zai kasa yanka allon. Ba a bukatar ciyawa, ba a bukatar ban ruwa, ba a bukatar mutum ashirin da biyu. Yara shida da ƙwallo ɗaya sun isa.

Ga kuma abin da ya sa na ce wasan nan ya dace da mu fiye da mutanen birni. Duk kaka, wanda ya bi titin Tudun Wada ko na Doguwa ya ga yadda muke shanya shinkafa da masara da barkono a gefen kwalta, motoci na bi ta kai, ƙura da tsakuwa na shiga, yara na tsaye a bakin titi suna gadi, ransu a hannun Allah. Filin kwando ba komai ba ne illa daɓen siminti mai faɗi, mai santsi, wanda ruwa ba ya kwanciya a kai. A lokacin kaka a yi shanya a kansa daga hantsi zuwa la'asar, a kwashe, a share, yara su shiga bayan sun idar da sallah, a tashi kafin magariba. Ƙungiyar manoma da ƙungiyar iyaye da malamai za su iya haɗa hannu a kan daɓe ɗaya, kowa ya ci moriyarsa. Wanda ya ce kuɗin wasa asara ne, a ce masa masussuka ake ginawa.

'Yan mata kuma kada a bar su a baya, ko da ba su ne kan maganar yau ba. D'Tigress sau biyar a jere tana ɗaukar kofin Afirka, daga 2017 zuwa 2025, kuma a Faris ta zama tawagar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen ƙungiyoyi takwas a Olamfik. Tun 2017 hukumar duniya, FIBA, ta amince a yi wasa da lulluɓin kai. A makarantar 'yan mata mai katanga, da malama mace, da sutura cikakkiya, ban ga abin da zai hana ba.

Ba na yi muku alkawarin cewa D'Tigers za ta zo neman ɗan wasa a Kiru baɗi. Shekaru da yawa ne tsakanin ranar da yaro ya fara taɓa ƙwallo da ranar da zai iya saka rigar ƙasa, kuma cikin ɗari da wuya ɗaya ya kai. Sauran za su samu lafiyar jiki, da wurin zuwa da yamma wanda ba majalisar shaye-shaye ba, wasu su samu gurbi a Pillars, ko aikin ɗamara, ko karatun koyar da wasanni. Wannan ma ba kaɗan ba ne. Rigimar Abuja kuwa ba mu muka haɗa ta ba, ba kuma mu za mu raba ta daga Yako ba. Daɓe da turke dai ba sai an jira Abuja ba.

Don haka roƙona, ranka ya daɗe shugaban taro, guda uku ne, kuma ina so a rubuta su kafin a watse. Kowace ɗaya daga ƙananan hukumomin nan huɗu ta zaɓi makarantar sakandare ɗaya ta zuba mata rabin fili kafin damina mai zuwa ta sauka. A tura malamin wasanni ɗaya daga kowace makarantar zuwa Kano ko Zariya a lokacin hutu, ya zauna da masu horarwa ya koyo dokokin wasan da yadda ake fara koya wa yaro. Sannan a sa rana bayan kaka, makarantun huɗu su haɗu a nan Yako su kara. Ƙwallon farko da usur ɗin alƙali na ɗauka, daga aljihuna.

Ku kuma ɗalibai, duk wanda ake yi wa dariya saboda tsawo, ya tsaya a bakin ƙofa in an tashi, ina son in rubuta sunansa da makarantarsa. Gajerun ma su tsaya.